Biki, Gasasshen Kifi da Kiɗa a Duwala: Shawarwari 10 Don Kada Daɗin Dare Ya Cinye Cefanen Safe

Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba na halarci ɗaurin aure uku a unguwar New Bell, da suna biyu, da walimar tarewa a wani sabon gida a Kotto, ban da daren Asabar ɗin da abokai suka ja ni Deido cin gasasshen kifi. Babu wanda na yi nadamar zuwansa. Sai dai ranar da muka baje lissafi da uwargida, daga anko zuwa liƙi zuwa kuɗin benskin, wato babur ɗin haya, shiru muka yi muna kallon juna, domin abin da ya fita ya isa sayen littattafai da kayan makarantar yara biyu. "Malam," in ji ta, "an ce zumunci a ƙafa yake, amma naka har aljihu ya yashe." Daga wannan zama shawarwarin nan suka fito. Bahaushen da ke zaune a bakin teku, nesa da Garwa da Kano, danginsa su ne mutanen da yake zuwa sabgarsu, don haka ƙaurace wa biki bai taso ba. Abin nema shi ne a je, a ji daɗi, gari ya waye tukunya na kan wuta.

1. A ware kuɗin sabga tun ranar da kuɗi suka shigo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko albashi kake ɗauka, ko rumfa gare ka a Babbar Kasuwa, ku zauna da uwargida ku yanke abin da gida zai iya ɗauka a wata don biki da fita, a sa shi a ambulan daban. In ya ƙare, ya ƙare. Watanni biyu sun fi buƙatar taka-tsantsan: Agusta, domin a Satumba yara ke komawa makaranta, da Disamba, lokacin da gari ke cika da shagali tun daga bikin Ngondo na mutanen Sawa a bakin kogin Wuri har shigowar sabuwar shekara. Daren fita kuma, ɗauki tsabar abin da ka yi niyyar kashewa. Kuɗin da ke cikin Orange Money ko MoMo ba a jin fitarsu, sai da safe saƙonnin waya su nuna maka ɓarnar da ka tafka.

2. Ba kowane anko ake shiga ba

Wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, a nan kuwa har turmin atamfar ake rasawa. Kuɗin anko bai tsaya a yadi shida ba: akwai ɗinki, akwai mayafi, akwai takalmi da jakar da za su dace. Uwargida, ki tsayar wa kanki ƙa'ida: anko na 'yan uwa na jini ne da aminai, sauran a sa abin da ke cikin akwati a je a yi Allah sanya alheri. In ke ce uwar biki, zaɓi zanen da mai ƙaramin ƙarfi a dangi za ta iya saya, a haɗa kuɗi a yi sari ɗaya a Kasuwar Congo, a kai wa tela da sauran mako biyu ko uku. Ɗinkin daren biki tsada gare shi, ga ɓacin rai.

3. A yi maganar biya kafin a zauna

Kunya kan sa mutum biyan abin da bai ci ba. In kai ka gayyata, faɗa tun a waya cewa kai ne mai masauki. In karo-karo za a yi, a faɗi nawa-nawa ne, a damƙa wa mutum ɗaya. Ku bar kwalaben lemon da kuka sha a kan tebur har a kawo lissafi, kamar yadda 'yan gari ke yi. Na taɓa zama a wani gidan abinci inda aka rubuta mana kwalba goma sha huɗu, muka ƙirga na gabanmu tara ne, gardama ta mutu nan take. A kuma lura da abokin da kasuwa ta juya wa baya: a cike masa nasa a asirce, kada a bar shi yana lalube a aljihu a gaban jama'a.

4. Tambayi abin da ke cikin tukunya da abin da ke cikin kwalba

Girkin kudu akwai daɗi, kuma yawancinsa halal ne tsaf. Ndole, miyar shuwaka da gyaɗa, da naman sa ake yin ta, ko busasshen kifi, ko jatan lande, a ci da miyondo, wato dafaffen ƙullin rogo a ganye, ko soyayyar agada. Koki wake ne da manja, ɗan uwan alalenmu. Amma gasasshen naman alade ya yawaita a bakin titunan garin nan, naman daji ma haka, kuma wani lokaci waya ɗaya da wuƙa ɗaya ke aikin duka. Ka tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne: naman me ne, ina aka sayo, a kan me aka gasa? In zuciyarka ba ta kwanta ba, koma kan kifi, ko ka nufi masu tsirenmu, wanda duk Kamaru ke kira soya. Wannan sana'a tamu ce, har wanda ba Musulmi ba wurin Bahaushe yake layi.

Kwalba ma sai an duba. Top da Djino da Malta lemo ne. Booster kuwa giya ce, ko da kamanninta na lemo ne. Matango shi ne bammi. Ku koya wa yara matasa karanta jikin kwalba kafin su kafa kai. A bikin gida kuwa, zoɓo, wato folere, da lemon citta da kunun aya sun wadatar, ga sauƙin kuɗi.

5. Kifi: zaɓa da idonka, yi ciniki kafin ya hau wuta

A Deido ko a Youpwe, mai kifi za ta baje maka su ɗanye a faranti. Duba ido: na sabon kifi garau yake, a bulluƙe. Ɗaga kunnensa, ya zama ja, ba ruwan toka ba. Danna jikinsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, ya kwana biyu. Sannan a yanke farashi, a kuma ji ko miyondo da agada na ciki, domin da zarar ya sha yaji ya hau garwashi ciniki ya ƙare, abin da aka faɗa shi za ka biya. In ku da yawa ne, akwai hanyar da ta fi: mutum biyu su yi sammako zuwa Youpwe inda jiragen masunta ke sauke kaya, su sayo, a gasa a tsakar gida. Abin da mutum huɗu za su kashe a waje yakan ciyar da gida biyu.

6. Ruwa, ƙanƙara da ragowar abinci

Wanda ya ga annobar amai da gudawa ta 2004 a garin nan, ko wadda ta dawo a 2022, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Rijiyoyin unguwanninmu ba su da zurfi, masai na kusa da su, damina kuma kan haɗa su. A waje, sha ruwan gora mai hatimi, irin su Tangui ko Supermont, a buɗe shi a gabanka. Ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, bar ta. A gidan biki a ajiye buta da sabulu a bakin rumfa, a zuba wa kowa ruwa mai gudu, a daina tsoma hannu talatin a roba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. A zafi da gumin Duwala, shinkafar da aka sauke da hantsi aka rufe a kula tana iya juyawa kafin la'asar, salak mai mayonis kuwa ya fi ta saurin lalacewa. A riƙa girki kashi-kashi. Abin da ya rage a raba wa maƙwabta da almajirai tun da ɗuminsa, kada a dogara da firji a garin da ake ɗauke wuta ba sallama.

7. Kiɗa: a gama magana da makaɗi, a sa wa liƙi iyaka

Nan ne garin kiɗan makosa, garin da aka haifi Manu Dibango a 1933, wanda Soul Makossa tasa ta 1972 ta zaga duniya. Mu ma mun zo da namu: kalangu, kiɗan ƙwarya na mata, waƙoƙin su Ali Jita da Ado Gwanja da ake sakawa ranar kamu, ga na 'yan uwanmu Fulani irin su Isnebo. Kowane gida ya san inda ya tsaya game da kiɗa, wanda bai yi ba kada a matsa masa. Wanda zai yi kuwa, ya yi da tsari. A rubuta yarjejeniya da makaɗi ko mai kayan sauti: ƙarfe nawa zai fara, ƙarfe nawa zai tashi, wa zai kawo janareta da mai, liƙi nasa ne ko na amarya. A ba shi rabi, rabi sai ya gama. A gaya masa ya yi shiru lokacin kiran salla.

Liƙi shi ne ramin da ba ya cika. Maroƙi ya san sunan kakanka, da ya ce ɗan wane jikan wane sai hannu ya tafi aljihu ba shawara. Yi canjin 'yan ɗari biyar-biyar tun da rana, tunda canji wuya yake a garin nan, ka sa su a aljihu ɗaya. In sun ƙare, koma kujerarka ka yi tafi.

A kula da kunne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce ƙarar wurin kiɗa kada ta wuce desibel 100, kuma ko wannan ba na daɗewa ba ne. In sai ka yi ihu na kusa da kai yake jin ka, ƙarar ta yi yawa. Mai goyo kada ta zauna gaban lasifika. Mai son jin mawaƙa a natse, ya nemi wasan da ake yi a zaure da tikiti, kamar na Cibiyar Al'adun Faransa da ke Akwa, ya fi masa wurin da ake kwana ana shaye-shaye.

8. Sanar da maƙwabta kafin a kafa rumfa

Tun da Jamusawa suka yanka New Bell wajen 1914, unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, 'yan Najeriya, 'yan Senegal, bango na jingine da bango. Wanda ke bayan katangarka wataƙila coci zai je da sassafe, ko yana jinyar tsohuwa. Bi gida-gida da kwana uku ka faɗa, ranar biki kuma a aika musu da kwano. In za a tare hanya, a sanar da mai unguwa, a nemi izini a ofishin magajin gari, a bar wurin da mota za ta wuce da mara lafiya. A Kotto gidaje na da katanga, amma sauti bai san katanga ba. Washegari a share titi, a kai shara kwandon Hysacam, kamfanin kwasar shara, kada leda ta tafi kwata ta toshe ta.

9. Da ka shiga zaure, nemi ƙofar fita

Ranar 23 ga Janairun 2022, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka, tartsatsin wasan wuta ya kama rufin wani gidan rawa a unguwar Bastos ta Yawunde, mutum aƙalla 16 suka rasu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Kafin ka kama zauren dina, ƙirga ƙofofinsa, ka tabbatar ba a sa wa ta baya kwaɗo ba. Hana kunna wutar ado a ƙarƙashin rufi da labule. Janareta a waje, nesa da taga, tukunyar gas nesa da inda yara ke guje-guje.

10. Shirya komawa tun kafin fita, ka kuma tuna da na gida

Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, wajen ninki huɗu na Kano, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan awa ɗaya kan shafe kwata da titi su zama ɗaya, wanda zai tashi daga New Bell zuwa Kotto, ko ya haye gada zuwa Bonaberi, sai ya kwana a hanya. In hadari ya haɗu, yi sallama. Da dare ya yi nisa a bar benskin, a haɗu mutum uku ko huɗu a ɗauki shatar tasi, ko a kira direban da aka sani. Labarin samarin nan masu adduna da ake kira mikrob ba baƙo ba ne ga kowa: waya a aljihu, sarƙar gwal a cikin jaka tun kafin a fito daga zaure.

Maigida, faɗa wa iyali inda za ka da lokacin dawowarka, kada ka shigo hannu rabbana. Ƙullin tsire na jaka ɗaya kan kashe fushin da rarrashin kwana uku bai kashe ba. Wanda ya fi wannan, sau ɗaya a wata a bar abokai, a fita da uwargida da yara. Fitar da ta hana ka sallar asuba kuwa ta wuce gona da iri.

Mun gwada shawara ta biyar makon jiya. Ni da wani amini muka yi sammako Youpwe, matanmu suka haɗa yaji, aka shimfiɗa tabarmi bayan Isha'i, ƙaramar rediyo na yi ƙasa-ƙasa, maƙwabciyarmu 'yar Basa ta shigo da miyondo ƙulli goma. Sha ɗaya ba ta yi ba kowa ya kama gabansa. Da safe uwargida ta buɗe ambulan ta ƙirga, ta dube ni ta ce, "Malam, har da canji."