Daga Jerin Haruffa zuwa Lamba: Darasi a kan Bayanan Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, manazarta ke tattara bayanai kan ruwa da noma a fadamar Kogin Haɗeja. Idan aka shigar da amsoshin manoman Auyo ko Guri cikin kwamfuta, yawanci manhaja takan karɓe su a matsayin jerin haruffa, ko da alƙaluma aka rubuta. Wannan darasi zai nuna cewa mayar da su nau'insu na ainihi aiki ne mai buƙatar sanin harshe.

Tushen Matsalar

A harshen shirye-shirye na Python, haɗa "12" da "5" yana ba da "125" maimakon 17, domin an jona haruffa ne kawai. Haka kuma wajen jerantawa "10" kan riga "9". Umarnin int shi ke mayar da rubutu cikakkiyar lamba, float kuwa lamba mai ɗigo, kamar zurfin ruwa mita 2.5.

Wuraren Tuntuɓe

Na farko, waƙafi. Python ba ya karɓar "1,200" sai an cire waƙafin. Amma a takardun Jamhuriyar Nijar masu bin tsarin Faransanci, wannan adadi ɗaya da ɗigo biyu ne.

Na biyu, ƙidayar Hausa. "Ashirin ba ɗaya" 19 ne, "metan" 200, "jaka" kuma a lissafin kuɗi naira 200. Wajibi ne manazarci ya tanadi jadawalin waɗannan kalmomi kafin juyawa.

Na uku, gurbin da aka bari fayau. Manomin da ambaliyar 2022 ta cinye masa shinkafa ya ce "babu", amfaninsa sifiri ne. Wanda ba a tambaya ba kuwa ba shi da adadi. Cakuɗa su kan rage matsakaicin amfanin gona, ya kuma gurɓata ƙiyasin asara.

Na huɗu, abin da bai kamata a juya ba. Lambar waya suna ce, kuma da zarar an mayar da ita adadi sifirin farko zai salwanta.

Kammalawa

Ya kamata a adana rubutun asali a shafi guda, sakamakon juyawa a wani, sannan a ware duk abin da ya ƙi juyuwa domin mai jin harshen ya duba shi.