Yaya Za Mu Daina Sayar da Wake da Araha?

Tambaya: Malam, da kaka dillalai ke sayen wakenmu a wulaƙance, da bazara kuma ya yi tsada. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, matsi ne ke sa ku sayarwa da wuri. Ku haɗu aƙalla mutum 10, ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai, ku riƙa zubi duk mako, domin wanda buƙata ta taso masa da kaka ya ranta daga asusun. Waken kuwa ku shanya ya bushe sarai, ku zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, ku ɗaure tam. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an sa magani ba. Da takardar rajistar za ku iya neman rance a Bankin Manoma. Ku zaɓi ma'aji mai amana, a riƙa rubuta duk kuɗin da ya shiga ko ya fita.