Yadda Ake Neman Gurbin Koyon Turanci A Ingila

Kowace shekara ɗalibai daga ƙasashe irin su Saudiyya, Japan da Turkiyya sukan tafi Ingila don su koyi Turanci daga bakin masu shi. Makarantun suna da yawa a Landan, Oxford da Cambridge.

Da farko ɗalibi zai duba ko makarantar tana cikin waɗanda British Council ko wata hukuma irinta ta tantance. Wannan ba abin wasa ba ne, domin takardar makarantar da ba a tantance ba ba ta samar da biza, ga kuɗin mahaifi sun tafi. Sai ya cika fom ta intanet, ya faɗi mako nawa yake so da inda zai sauka. Da yawa sukan zauna a gidan mutanen gari, a ba su abincin safe da na dare, su yi ta jin Turanci har a bakin akushi. A ganina wannan ya fi ɗakin kwanan ɗalibai, inda kowa zai nemi ɗan garinsu su ɓarke da yarensu, kamar yadda muke yi a nan.

In ya biya kafin alƙalami, makaranta za ta aiko masa da takardar karɓa, da ita zai nemi biza. Kwas ɗin da bai wuce wata 6 ba, bizar baƙo ta isa. Wanda ya haura haka har zuwa wata 11 yana da tasa dabam. Iyaye su tambaya tun kafin su biya, nawa za a mayar musu in an hana biza. Ranar farko, galibi Litinin, akan yi wa ɗalibi jarrabawa don a san ajin da ya dace da shi.