Sirrin marar lafiya

Duk wanda ya zo asibiti ana buɗe masa folda. A cikinta ake rubuta sunansa, shekarunsa, unguwarsu, ciwon da ya kawo shi, sakamakon gwajin jini da maganin da aka ba shi. A wasu asibitoci a takarda ake rubutawa, a wasu kuma a kwamfuta. Ko a ina aka ajiye shi, bayanin na marar lafiya ne, asibiti amana kawai yake riƙewa.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. A shekarar 2012 Ghana ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 843. Ta sa bayanin lafiya cikin bayanai na musamman masu bukatar ƙarin tsaro, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙara. Doka mai lamba 938 ta shekarar 2016 ta hana a bayyana cewa mutum yana ɗauke da HIV ba da yardarsa ba.

Amma sau da yawa ba daga kwamfuta sirri yake fita ba. Daga baki yake fita.

Ku dubi batun tafinta. Dattijuwa daga Aboabo tana jin Hausa, ba ta jin Turanci, yaren Asante kuma kaɗan-kaɗan. Sai ta zo da 'yar maƙwabciya ta fassara mata. Yarinyar ta ji duk abin da likita ya tambaya da amsar da aka ba shi. A gidan haya da iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya, kafin magariba kowa ya ji. Wani lokaci ma abin ya fi haka muni: saboda kunyar yarinyar, tsohuwar sai ta ɓoye ainihin ciwon, ta ce ciwon ciki ne alhali jini take gani. Likita ya ba da maganin abin da aka faɗa masa, ciwon gaske yana nan yana ci. Don haka ku zaɓi tafinta da kanku, baligi wanda kuka yarda da shi, ko ku roƙi a kira ma'aikaci mai jin Hausa. Kuna da ikon cewa mai rakiya ya jira a waje. Wanda aka ɗauka tafinta kuma ya tuna, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai katin inshorar lafiya, wato NHIS. Wasu suna ara wa ɗan'uwa katinsu don tausayi. Laifi ne, kuma akwai haɗari. Rukunin jinin wani, ko maganin da jikinsa ba ya karɓa, zai shiga foldarku. Ranar da aka kawo ku a sume, da wannan bayanin za a yi muku aiki. Idan katin ya ƙare, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Kada ku tura hoton sakamakon gwaji a zauren WhatsApp na dangi don neman addu'a. A roƙi addu'a da baki, takardar ta zauna a gida.

Idan miji ko suruka suka tambayi nas abin da ke damun matar gida, ta ce sai da izininta, ba rashin kunya ta yi ba. Aikinta ke nan. Ana yi wa iyaye bayanin ƙaramin yaro, ana yi wa makusanci bayanin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Cututtuka masu yaɗuwa kamar kwalara dole a sanar da hukumar lafiya. Kotu ma tana iya neman folda. In ba waɗannan ba, sai marar lafiya ya yarda.

Idan kun ji ma'aikaci yana hirar ciwon wani a layin karɓar magani ko cikin mota, ku sanar da shugaban asibitin, ku faɗi rana da wurin da abin ya faru.