Awon Igiya da Zaɓen Ƙaramar Hukuma a Ajingi

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ikon filaye gida biyu. Filayen da aka ayyana na birni suna hannun gwamna. Na karkara kuwa, irin na ƙauyukan Ajingi da Gaya, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsu ta gargajiya, kuma dokar ta ce a kafa wa kowace ƙaramar hukuma kwamitin da zai ba ta shawara kan rabon filaye. Wato ciyaman da kansila na da hannu dumu-dumu a yadda gari ke faɗaɗa. Ranar 26 ga Oktoba 2024 hukumar zaɓen jiha, KANSIEC, ta gudanar da zaɓen ciyamomi 44 da kansiloli 484 a Jihar Kano, amma abin da aka saba ji a filin kamfen taki ne da rijiyar burtsatse. Maganar fili sai an yi asara take tashi.

A wani ƙauye na ƙasar Ajingi, wani magidanci ya sayar da bijiman nomansa da gyaɗar shekara ya sayi fuloti a gonar da magada suka yanka. Da rani ne, ƙasa a bushe ƙamas. Dillali ya ja igiya, ya kafa turaku, aka rubuta takarda da biro, dagaci da shaidu suka sa hannu. Ba a kira safiyo ba sai da gini ya kai linta, shi ma don rigimar iyaka da maƙwabci. Da aka auna, sai ga rabin fulotin zaune kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, daidai inda ruwan unguwar ke taruwa. Layin ƙofar gidan ko amalanke ba ta juyawa a ciki, balle a bar wurin kwata. An faɗa masa. Ya ce kuɗinsa sun riga sun shiga. A watan Agusta ruwa ya ci gindin katangar, ɗaki biyu suka zube. Amsar dillali ita ce ai haka kowa ya saya.

Takardar dagaci shaidar ciniki ce, ba ta mallaka ba. Igiya ba ta san gangare ba. Ba a sayen fili da rani ba tare da an tambayi inda ruwa ke bi da damina ba.

Sashe na 36 na dokar ya hana a yanka irin waɗannan gonaki a mayar da su fulotai, sashe na 21 kuma ya ce sai da amincewar hukuma ake sayar da filin da ke da shaidar gargajiya. Kullum ana take su, har da 'yan buga-bugan da ke yawo da tef suna kiran kansu safiyo. A nemi safiyo mai rajista, kuma kafin a biya kuɗi, ba bayan an zuba bulo ba. Burtali da makabarta ma ba su tsira daga yankan fulotai ba.

Ambaliyar 2022 ta rushe ɗaruruwan gidaje a Ajingi, kuma tun Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Balare, Toranke ko Chula, ya kamata a tambaye shi ko kwamitin filaye na zama, su wa ke cikinsa, wa ke amincewa da sabon yanka, kuma nawa zai ware wa magudanan ruwa.