Tsakanin Albarka da Kumburi: Darasi a Kan Kalmomin Girma da na Riya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, darasinmu na yau a kan wasu kalmomi ne da muke ji kullum a wurin tafsiri. Wasu suna nufin girma da bunƙasa, wasu suna nufin ado da nuna kai. Muridin da bai rarrabe su ba yana iya shekara ashirin yana kumbura, shi kuwa yana zaton ƙiba yake yi.

Kalma ta farko ita ce zakka. Idan shuka ta tashi ta yi kyau, Balarabe yakan ce "zaka". Daga wannan tushe aka samu zakka, aka samu tazkiyya, wato tsarkake zuciya. Ku lura, girma da tsarki suna zaune cikin kalma guda. Manomi ya san wannan: idan hatsi ya tsiro da yawa a rami ɗaya, sai ya cire wasu ya bar uku ko huɗu. A ido ragi ne, amma da kaka zangarniya ce za ta ba da shaida. Haka mai fitar da zakka, haka mai cire hassada daga zuciyarsa.

Ta biyu ita ce falahu, wadda ladan yake kiranmu zuwa gare ta sau biyar a yini. Asalinta tsaga ƙasa ne, shi ya sa Larabawa suke ce wa manomi "fallah". A Suratush Shamsi, aya ta 9, Allah Ya haɗa waɗannan kalmomi biyu, Ya rataya rabauta a kan tsarkake rai. Ke nan babu rabo sai an sha wahalar noma.

Ta uku ita ce riba, wato kuɗin ruwa. Ba ribar ciniki ake nufi ba, ita wannan "ribhu" ake ce mata da Larabci, kuma halal ce. Tushen kalmar riba shi ne tasowa da tudu. Abin mamaki, daga wannan tushen ne kalmar tarbiyya ta fito. Duka biyu ƙari ne, sai dai ɗaya yana tasowa da gumin wani, ɗaya yana tasowa sannu a hannun mai reno. A Suratur Rum, aya ta 39, an jera riba da zakka, aka nuna ta farko ba ta ƙaruwa a wurin Allah, ta biyu kuwa ninkawa ake yi.

Ta huɗu ita ce albarka. Malaman lugga sun danganta ta da gurfanar raƙumi da kuma tafkin da ruwa yake zama a ciki. Saboda haka albarka alheri ne mai zama, ba yawa kaɗai ba. Kowa ya san gidan da dame talatin yake kai su wata damana, ya kuma san gidan da dame ɗari yake ƙarewa tun bazara ba ta shigo ba.

To, mu juya ga ɗaya ɓangaren. Akwai zukhrufu, wanda asalinsa zinariya ne, daga baya aka kira duk wani ƙyale-ƙyale da shi, har sura ta 43 take ɗauke da wannan suna. A Suratul An'am, aya ta 112, an yi amfani da shi ga maganar da aka yi wa kwalliya don a ruɗi mutane. Akwai tafakhuru, wato yi wa juna alfahari, da takasuru, wato gasar tara abu. Suratul Hadid, aya ta 20, ta ambace su tare, ta misalta su da shukar da ta burge manoma, sannan ta bushe ta yi rawaya ta zama karmami.

Mafi haɗari a cikinsu ita ce riya. Daga kalmar gani ta fito, ƴar'uwarta sum'a kuma daga kalmar ji. Hausawa sun taƙaita su da cewa "a gani a faɗa". Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira riya ƙaramin shirka. Imam Muslim ya ruwaito cewa waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama mutum uku ne: wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makaranci, da mai yawan kyauta, kowanensu ya yi ne don a yabe shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya ware babi guda cikin Ihya'u a kan son girma da riya, ya sa shi cikin abubuwan da suke halakarwa.

Wanda yake son misali ya shiga gona. Ƙuduji ya fi komai kyan fure a cikinta, amma a ƙarƙashin ƙasa saiwar hatsi yake tsotsa. Gawo kuwa da damana, lokacin da kowane icce yake nuna ganyensa, shi zubar da nasa yake yi, ya tsaya kamar busasshe. Amma hatsin da ke gindinsa ya fi na nesa kyau, kuma idan rani ya yi tsanani, shi ne mai inuwa, shi ne mai ciyar da bisashe.

Kada a fahimce mu a karkace. Musulunci bai hana ado ba. Suratul A'araf, aya ta 31, ta umarce mu da mu yi shiga mai kyau idan za mu masallaci. Da wani sahabi ya yi tambaya a kan son tufa da takalmi masu kyau, Annabi ya bayyana masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ba shaddar ce matsala ba, abin da zuciya take nema da ita ne.

Don haka kowa ya auna kansa da tambayoyi uku. Lazimin da nake yi ni kaɗai a ɗaki, yana da natsuwa irin ta wazifar da nake yi a zawiya? Idan na ba da gudummawar Maulidi, mai sanarwa ya manta da sunana, raina yana ɓaci? Idan na ɗaga waya ina ɗaukar hoton zikirin Juma'a don in saka a WhatsApp, wa nake so ya gani? Wanda ya ci bashi ya ɗinka babbar riga alhali rumbunsa babu komai, ya sani cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai dai akwai wani tarko: barin aikin alheri don tsoron kada a ce riya ce. Magabata sun yi gargaɗi cewa wannan ma kallon mutane ne. Magani shi ne ka ci gaba da aikin, ka sabunta niyya, ka kuma riƙe wata ibada da babu wanda ya san da ita sai Allah, ko da raka'a biyu ce cikin dare ko tiya guda ga maraya. Iri sai an binne shi yake tsirowa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya sa albarka a ayyukanmu, Ya tsare mu daga riya ta fili da ta ɓoye. Amin.