Darasin Kiwon Lafiya: Ciwon Ƙafa da Lokacin Neman Likita

A darasinmu na wannan fitowa za mu sunkuya mu dubi gaɓar nan da ke ɗauke da mu tun daga wayewar gari har faɗuwar rana, wadda ba kasafai muke tunawa da ita ba sai ran da ta ƙi taka ƙasa, watau ƙafa. Masana jikin ɗan Adam sun ƙidaya ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33 a kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa kan yatsu. In aka haɗa ƙafafu biyu, ƙasusuwa 52 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Abin da aka harhaɗa da ƙananan sassa masu yawa haka, aka kuma ɗora masa nauyin jiki duka, har da na buhun masara ko tulun ruwa, ba abin mamaki ba ne in ya gaza wata rana.

Yawancinmu da zafi muke auna ciwo. In ya hana barci, sai asibiti; in bai dame mu ba, sai mu ce zai warke da kansa. Ga ƙafa kuwa, wannan ma'auni yakan yaudari mutum. Gama akwai ciwo mai zafi ƙwarai wanda hutu da haƙuri ke warkarwa a gida, akwai kuma wanda ba ya zafi ko kaɗan, amma shi ne ke kai mutum ga rasa ƙafa ɗungum.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai ma'aikatan lafiya da aka horar domin ƙafa kaɗai. A wurarenmu irinsu ba su da yawa, saboda haka aikin yakan faɗa hannun likitan ƙashi, da likitan masu ciwon sukari, da masu gashin ƙashi. Akwai manyan asibitocin ƙashi na tarayya a Dala cikin Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, amma mafari shi ne asibitin da ya fi kusa da mu. In muka ce "likita" a cikin darasin nan, abin da muke nufi ke nan.

Waɗanda ake iya fara kula da su a gida

Faso da kaushi abokan hunturu ne. Iska mai bushewa tana shanye maiƙon fata, diddige ya yi kauri, ya tsattsage. A jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi, a goge kaushin a hankali da dutse, a shafa man kaɗanya da dare, a kuma rage yawo da silifa mai buɗaɗɗen baya. Reza ba kayan gyaran faso ba ce. Da damina kuma sai cin ruwa, inda tsakanin yatsu ke yin fari, ya yi ƙaiƙayi, ya saɓule. Wata ƙwayar cuta ce mai son laima da duhu, shi ya sa ta fi kama manoman fadama, da mata masu yawan wanki, da masu yini cikin rufaffen takalmi. Maganinta shi ne a tsane tsakanin yatsu sarai bayan wanka, a riƙa shanya takalmi, a shafa man da ke kashe ƙwayar har makonni biyu zuwa huɗu, ko da ƙaiƙayin ya riga ya tafi. Kada a raina waɗannan biyu, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta ƙaramar tsagar nan ce ƙwayoyin da suka fi haɗari ke kutsawa cikin nama.

Farcen babban yatsa da ke shiga nama, galibi yankan da aka yi masa ne sanadi. A yanke farce a miƙe, kada a bi gefensa ana ƙwaƙule kusurwa, kada kuma a matse yatsu cikin takalmin da ya yi kaɗan. In wurin ya kumbura ya fara ruwa, likita zai kashe zafin yatsan da allura ya cire gefen farcen cikin ɗan lokaci. Masu zuwa wurin mai yankan farce a kasuwa su tuna cewa almakashin nan ya bi ƙafafu da yawa kafin tasu.

Akwai kuma ciwon diddige wanda ya fi tsanani a takun farko da safe, kamar an taka ƙusa, sa'an nan ya lafa in an ɗan yi tafiya. Wata faffaɗar jijiya ce da ta shimfiɗu a tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu take gajiya. Ya fi samun masu tsayuwa yini guda, kamar malaman makaranta da 'yan kasuwa, da masu ƙiba. Yana da zafi, yana da naci, amma ba ya cin ƙafa. Miƙar da sha-raɓa da tafin ƙafa kowace safiya, da takalmi mai taushin diddige, sukan warkar da mafi yawan masu shi cikin watanni. In an yi makonni ana haka babu sauƙi, sai a nemi likita.

Targaɗe ne ko karaya?

Mutum ya taka rami, ƙafa ta lanƙwashe ciki, idon sawu ya kumbura nan da nan. A kwana biyun farko abin da ake so shi ne hutu, da ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini, da ɗaurin bandeji marar matsi, da ɗaga ƙafar bisa matashi. Ruwan zafi da murza da ƙarfi, waɗanda muka saba gaggauta yi, ƙara kumburin suke yi a wannan lokaci.

Amma ta yaya za a san ƙashi bai taɓu ba? A shekarar 1992 waɗansu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi da ake amfani da ita a asibitoci har yau. In mutum bai iya yin taku huɗu a kan ƙafar ba, ko in an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko ƙarshensa ya ji zafi, ko zafin yana kan ƙashin gefen ƙafa na layin ƙaramin yatsa, ko kan ƙashin da ya ɗan fito a cikin ƙafa gaban idon sawu, to, a ɗauki hoton ƙashi. Haka kuma wanda ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan ƙafa, ya kasa ɗage diddige ya tsaya kan yatsu, mai yiwuwa agararsa ce ta tsinke. Wannan ba na jira ba ne.

Mun san da yawa daga cikinmu wurin mai ɗori suke fara zuwa, kuma ba mu ce dukan masu ɗori ba su san aikinsu ba. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin nama. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura, in kuwa an ɗaure ta tamau da karare, jini ya kasa wucewa, naman yakan mutu cikin sa'o'i. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kuka da wannan, domin yana cikin dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa. Duk wanda aka yi wa ɗori, yatsunsa suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin nan take a kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta da wurin zuwa sai asibiti.

Sa'ad da ƙafa ke ba da labarin wata cuta

Wani lokaci laifin ba a ƙafar yake ba. Kumburin ƙafafu biyu tare yakan nuna matsalar zuciya, ko ƙoda, ko hanta. Mace mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, a auna jininta a ranar. Ƙafa ɗaya da ta kumbura da zafi a sha-raɓa, musamman bayan doguwar jinya ko haihuwa, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Kada a murza ta. Babban yatsa da ya tashi mutum da dare da zafi kamar wuta, ya yi ja, galibi wani gishiri ne da ya yi yawa a jini ya taru a mahaɗar, giya da yawan cin kayan ciki kuwa suna tsokano shi. Masu ciwon sikila kuma sukan yi fama da gyambo a kewayen idon sawu, mai wuyar warkewa.

Jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, abin da ke samun kusan ɗaya cikin jarirai 1,000, ba gurgu ba ne, kuma ba laifin uwarsa ba ne. Likita Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka ya tsara hanyar miƙar da irin wannan ƙafa a hankali da ɗaurin filasta da ake canjawa mako-mako, kamar sau biyar zuwa takwas, sa'an nan takalmi na musamman da yaro zai riƙa kwana da shi har shekara huɗu ko biyar. Fiye da tara cikin goma sukan miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a kai jariri cikin makonnin farko.

Ƙafar da ba ta jin zafi

A nan ne muke roƙon ku kasa kunne sosai. Shekaru aru-aru mutane sun ɗauka cewa kuturta ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a shekarar 1946, shi ya nuna cewa abin da cutar ke yi shi ne kashe jijiyoyin ji. Mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ya ci gaba da tafiya a kan raunin, raunin ya ruɓe har ya kai ƙashi. Kuturta dai tana warkewa, kuma tun shekarar 1995 ake ba da maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma akwai wata cuta da ke yi wa ƙafa irin wannan ɓarna, wadda ta fi kuturta yawa nesa ba kusa ba, ita ce ciwon sukari.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da shi, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Sukarin da ya daɗe da yawa a jini yana yi wa ƙafa lahani ta fuska uku. Yana lalata jijiyoyin ji, har mutum ya fara jin kamar tururuwa na tafiya a tafinsa, ko zafin barkono da dare, daga baya ji ya ɗauke. Yana ƙuntata hanyoyin jini, rauni ya rasa abin da zai warkar da shi. Yana kuma raunana ƙarfin jiki na yaƙi da ƙwayoyin cuta. An ƙiyasta cewa tsakanin 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su sami gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda sukari da ƙaramin rauni abin ya soma: tsakuwa a cikin takalmi, bororon sabon takalmi, ƙunar salansar babur, ko kaskon garwashin da aka ajiye kusa da ƙafa da hunturu.

Tun da yake ƙafar ta daina faɗar abin da ke damunta, dole ido ya karɓi aikin. Mai ciwon sukari ya dubi ƙafarsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya raunana, ya sa madubi a ƙasa, ko ɗa ko jika ya duba masa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmi ya lalubi cikinsa da hannu kafin ya sa. Ya gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba. Kada ya yanke kanta da reza, kada ya yarda a yi masa tsaga ko sakiya a ƙafa. Mai shan taba ya bar ta, gama tana ƙara toshe hanyoyin jinin da suka riga suka ƙuntata. Masu ziyarar tsofaffi da marasa lafiya a cikinmu, bayan gaisuwa, ba rashin kunya ba ne ku ce, "Baba, bari mu ga ƙafar."

Aƙalla sau ɗaya a shekara ya tuɓe takalmi a gaban likita, ko ba a tambaye shi ba. Gwajin ba shi da wuya: ana taɓa tafin ƙafa da wani siririn zaren roba mai danna fata da nauyin giram 10 a ga ko zai ji, ana kuma lalubar bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa.

Ga mai ciwon sukari, duk wani rauni, ko bororo, ko tsaga mai ruwa, ko yatsan da ya canja launi, na ganin likita ne cikin kwana ɗaya, ko da ba ya zafi. Haka ma ƙafar da ta yi ja, ta yi ɗumi, ta kumbura ba tare da an ji ciwo ba, domin wani lokaci ƙasusuwan ciki ne ke rugujewa yayin da mai ita ke ta takawa. In kuwa akwai wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko jan da ke hawa zuwa ƙwauri, ba a kwana da shi a gida. A asibiti za a wanke raunin a cire mataccen nama, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta in ana bukata, a duba allurar titanus, a daidaita sukari, sa'an nan a ɗauke nauyin jiki daga kan wurin da filasta ko takalmi na musamman. Wannan na ƙarshe shi ne marasa lafiya suka fi karyawa, domin ba sa jin zafin da zai zaunar da su, ga gona ko kasuwa na jira. A nan ne iyali za su shigo, su karɓi aikin na 'yan makonni, har likita ya ce fata ta rufe.